Ɗan kunnen Addata: yadda ake saita injin neman ƙarfe idan gwal ko kwabo ya ɓata

'Yan uwa na Agege da Mile 12, da Sabo ta Ibadan, da Lokpanta, da duk inda neman abinci ya ajiye mutum a Kudu. Daga Gombe nake rubuto wannan. Abin da ya sa na zauna na rubuta shi, wasu daga cikinku da muke haɗuwa idan na rako lodin shanun Baba sun ji labarin a bakina, ga shi har yanzu ana kirana a waya ana tambayar yadda na yi. To bari in faɗa sau ɗaya, kowa ya samu.

Bayan Babbar Sallah aka yi bikin ƙanwata a gidanmu da ke Pantami. Ranar kamu Addata ta saka 'yan kunnenta na gwal, na cikin lefenta, karat 21. Da gari ya waye ta taɓa kunnen hagu ta ji wayam. Aka zazzage gado, aka ɗaga leda, aka duba banɗaki, babu. Kafin azahar sai ido ya koma kan wata yarinya 'yar riƙo da ke gidanmu, don ita ta yi sharar safe. Ba wanda ya fito ya ce ita ta ɗauka, amma kuma ba wanda ya ce ba ita ba ce. Goggo ta fara maganar a mayar da ita ƙauye idan baƙi sun watse. Yarinyar ko abinci ta kasa ci.

Akwai wani bawan Allah a layinmu da ya je Jado ta Nijar lokacin da zinare ya fashe a can a 2014. Babban injinsa ya sayar tuntuni, saura ƙarami mai allon lambobi. Na je aro. Da zai miƙo min ya ce, "Ɗan Alhaji, ka ƙure masa kunne, ka toshe masa tarkace, gwal kaɗai zai yi wa kuka." Haka kuwa na yi. Awa biyu ina zagaya tsakar gida, injin yana ta 'yan ƙananan surutai marasa kan gado, yara na bina a baya. Can Adda ta fito da ɗayan ɗan kunnen a ƙulle a bakin gyale, ta ce, "Kai wai wannan abin naka yaya kukansa yake idan ya ga gwal?" Na ce kawo in nuna miki. Na ajiye shi a kan yashi, na wuce da faifan injin ta kansa.

Shiru. Na sake wucewa. Shiru.

Wato da a ce na bi ta kan wanda ya ɓata sau goma a cikin awa biyun nan, da ban sani ba. Tun daga ranar na ɗauki abin da gaske na koya, kuma abin da na gano shi ne, maɓallai biyun da kowa ke murɗawa har ƙarshe su ne suke ɓoye gwal.

Da farko a fahimci abu ɗaya: injin nan bai san gwal ba. Faifan da ke ƙasan sandar waya ce aka naɗe a ciki, tana fitar da ƙarfin maganaɗisu zuwa cikin ƙasa. Idan akwai ƙarfe, sai 'yar wutar lantarki ta zagaya a jikinsa, ya mayar da amsa, injin ya ji. Abin da yake aunawa shi ne ko abin baƙin ƙarfe ne irin mai kama maganaɗisu, sannan yaya wuta ke gudu a jikinsa, wanda ya danganta da irin ƙarfen da girmansa da siffarsa. Daga nan sai ya ba ka lamba. A injuna da yawa, kamar Garrett ACE 300 da Nokta Simplex, lambar daga 0 ce zuwa 99. Ƙusa da waya suna can ƙasa. Azurfa da jan ƙarfe suna can sama. Gwal kuma, abin haushi, yana tsakiyar bola: lambarsa ɗaya da takardar magi mai ƙyalli, da ledar ƙwayar magani, da takardar kwalin sigari, da ɗan marfin da ake ɓalle gwangwanin maltina da shi.

Dalili kuwa, gwal ɗin ado ba zalla ba ne. Karat 21 kashi 87.5 cikin ɗari ne gwal, karat 18 kashi 75, sauran azurfa ce da jan ƙarfe. Wannan gauraye yana rage gudun wuta a jikinsa sosai, ga shi kuma abin ƙarami ne. Shi ya sa injin yake ganin ɗan kunnen dubban ɗaruruwa daidai da takardar magi ta banza.

Yanzu maɓallin da suke kira diskirimineshin. Ni rariya nake ce masa, don aikinsa ke nan, tankaɗe. Kana ƙara shi yana yin shiru a kan ƙananan lambobi, daga ƙasa yana hawa sama: ya fara zubar da ƙusa, sai takardar ƙyalli, sai marfin gwangwani. Mutumin layinmu ya ce in toshe tarkace, na toshe har wajen marfin gwangwani, ɗan kunnen ya bi tarkacen ya tafi. Idan gwal kake nema, rariyar nan ƙusa kaɗai za ta cire, iyakarta ke nan. Idan ma abin siriri ne ƙwarai, buɗe ta gaba ɗaya, ka koma tsarin da suke kira ol-metal, wanda yake yi wa kowane ƙarfe kuka. Za ka tona shara har ka gaji, wannan babu makawa. Wanda ba ya son tona takardar magi ya haƙura da neman gwal.

Kada kuma ka danna tsarin da aka zana wa hoton kwabo don ka ga ya fi shiru. An tsara shi ne don kuɗin ƙarfen ƙasashen Turawa, yana toshe daidai wurin da ƙaramin gwal yake faɗawa. Haka nan lambobin da kake ji a bidiyon mutanen Amurka, kar ka haddace su. A Minelab Vanquish da Equinox 800 lambar daga -9 ce zuwa 40, ka ga 20 a wannan ba ita ce 20 a wancan ba.

Abin da ya fi duk wata lamba shi ne abin da Adda ta yi min ba da saninta ba. Ka nemi ɗan'uwan abin da ya ɓata. Ɗan kunne yana da ɗaya, awarwaro yana da 'yan'uwa, zobe a samu mai kama da shi a kauri da karat. Ka ƙulle shi a farar leda don kada shi ma ya ɓata, ka ajiye shi a kan ƙasar wurin, ba a kan tebur ba, ka wuce ta kansa kana rage rariya har ya yi kuka sosai. Ka juya shi a kwance, ka juya shi a tsaye, ka ɗan rufe shi da yashi, kowane ka ji kukan ka ga lambar. Za ka ga lambar tana yawo, ba ta tsayawa wuri ɗaya. Wannan tazarar da take yawo a ciki, ita za ka tona duk inda ta fito.

A wajen gwajin nan ne za ka ga wasu abubuwan mamaki. Zobe rufaffe yana da kuka mai kyau, don wutar tana samun hanyar zagayawa. Zoben da ya karye ko ɗan kunne mai buɗaɗɗen baki, kukansa ya ragu ƙwarai. Sarƙa siririya kuwa ita ce mafi wahala, don injin ba ya ganin ta a matsayin abu guda, kowane ɗan gaɓa daban yake gani. Sau da yawa maƙullin sarƙar ko abin da aka rataya mata ne kawai zai amsa. Idan ka gwada irinta ka ji shiru ko a ol-metal, to kar ka ɓata ranarka, ɗauko rariyar gaske ta masu gini ka tankaɗe yashin wurin.

Sai maɓalli na biyu, sansitibiti, wanda nake kira kunne. Kowa yana ƙure shi don an ce yana ƙara zurfi. Gaskiya ne yana ƙarawa. Amma ka tambayi kanka, abin da ya faɗi jiya zurfin me ya yi? Yana sama, ko ƙafa ta ɗan danna shi cikin yashi kamar gaɓar yatsa. Idan ka ƙure kunne, injin zai jiyo tsohon gwangwanin da ke binne tun kafin a haife ka, ya jiyo rodin ginin katanga, ya jiyo ƙofar ƙarfe da kwanon rumfa, ya jiyo wayar wuta da janareton maƙwabci. Kukan ɗan kunnen, wanda dama siriri ne, sai ya nutse a cikin hayaniyar. Ka fara daga rabi. Idan injin yana surutu alhali faifan yana tsaye wuri ɗaya, ka ƙara ragewa. Ka tsaya a matakin da ɗan'uwan abin yake kuka sarai, sauran wurin kuma ya yi tsit. Wayarka ka kashe ta ko ka ba wani ya riƙe daga nesa, ka cire agogo da zobe, ka duba takalminka ko akwai ƙarfe. Ni na yi minti goma ina bin kukan da ashe daga maɗaurin takalmina yake fitowa.

Ƙasa ma tana da nata kukan. A cikin garin Gombe yawanci yashi ne, injin ba ya shan wahala. Amma inda aka zuba jar ƙasa ko burji aka yi ciko, akwai sinadarin ƙarfe a cikinta, injin sai ya ɗauka duk filin ƙarfe ne. Ku da ke Kudu jar ƙasar nan ta fi yawa a wajenku, Inugu da Benin da kewaye. Maganinsa maɓallin daidaita ƙasa, girawun-balans. Ka sami wurin da babu ƙarfe, ka danne maɓallin, ka riƙa ɗaga faifan kamar taƙi ɗaya kana saukewa daf da ƙasa, har injin ya yi shiru. Ka sake yi duk lokacin da launin ƙasar ya canza. Ƙananan injuna masu araha ba su da wannan maɓallin, an ɗaure shi daga kamfani, su sai dai ka rage kunne. Gishiri ma yana sa surutu. Na gwada a Tike, gefen da fitsarin shanu ya jiƙa ƙasa, injin ya hana ni sakat, ina matsawa busasshen wuri ya nutsu. Haka jiƙaƙƙen yashin bakin teku a Legas yake yi wa injin mai firikwensi ɗaya.

Maganar firikwensi ba ta da tsawo. Na ƙasa, wajen kilohaz 5 zuwa 8, ya fi son azurfa da jan ƙarfe da manyan abubuwa. Na sama ya fi jin ƙaramin gwal. Garrett ACE 250 yana kan 6.5, Simplex+ yana kan 12, Gold Monster 1000 na masu haƙar zinare yana kan 45. Idan naka ana zaɓa, ɗauki na sama don ɗan kunne da sarƙa. Idan ba a zaɓa, yi da abin da ka samu. Manyan injunan daji irin GPX da aka riƙa kaiwa Jado da Sudan wani iri ne daban, suna shiga ƙasa sosai amma ba su iya tankaɗe ba. A tsakar gidan da aka yi shekara talatin ana zubar da ƙusa, wahala kawai za ka sha da su. Shi kuwa ɗan sandan da ake shafa wa mutane a ƙofar masallaci, wanda muka saba da shi a Gombe tun bayan bam ɗin Tashar Dukku a Disambar 2014 da na babbar kasuwa a Yulin 2015, ba ya jin ƙaramin abu sai ya kusa taɓa shi. Amfaninsa ɗaya a nan, idan ka ɗebo ƙasa a faranti na roba ka shafa shi a kai ka san ko abin yana ciki.

Tunda na taɓo wannan, Baba ya taɓa kiran likitan dabbobi ya shafa irin wannan na'ura a ƙirjin wani sa da ya daina ci, ana zargin ya haɗiyi ƙusa. Ta yi kuka. Likitan ya ce kukan kaɗai ba hujja ba ne, don shanun da ke kiwo kusa da gari da wuya ka rasa ɗan ƙarfe a tumbinsu. A lokacin ban gane ba, yanzu na gane.

Yadda ake tafiya da injin shi ma saiti ne. Faifan ya kwanta daf da ƙasa, kar ya riƙa tashi a ƙarshen kowace shara kamar lilo. A hankali, kowace shara ta hau kan rabin wadda ta gabata. Ka ja layi da igiya ko da ƙafa, ka gama wannan yanki kafin ka shiga wancan, sannan ka sake bi ta gicciye. Dalilin gicciyen, idan ƙusa tana kwance kusa da gwal, kukanta yana danne nasa daga wani ɓangaren, ta ɗaya ɓangaren kuma ya fito. Dabarar da ta fi taimaka min, na cire maganaɗisun tsohuwar sifika na ɗaura masa igiya, yara suka ja shi a duk tsakar gidan kafin in fara. Ya kwashe ƙusoshi da murafen kwalba cike da gwangwani. Gwal ba ya bin maganaɗisu, don haka ba abin tsoro. A kan siminti mai rodi kuwa ajiye injin, jira dare ka kwantar da tocila a ƙasa ka bi da ido.

Yanzu kwabbai, don wasunku wannan suka fi tambaya. A nan akwai tarkon da ba za ka ji shi a bidiyon Turawa ba. Kuɗin ƙarfen Najeriya na 1991, da na 2007 ɗin nan, kwabo hamsin da naira ɗaya da naira biyu, akasarin jikinsu baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi. Gwada da maganaɗisu ka gani, zai kama. Injin yana karanta su kamar murfin kwalba, lambar tana tsalle, idan ka toshe ƙusa ka toshe su. Na 1973 da suka zo tare da naira daban suke: kwabo ɗaya jan ƙarfe ne, yana kuka a sama, kwabo biyar da goma da ashirin da biyar kuma gaurayen jan ƙarfe da nikel ne, suna faɗawa tsakiya, kusa da inda zobe yake. Haka yawancin anini da ɗari da kwabo mai huji na zamanin Turawa. Sulallan farko, daga 1913 zuwa 1920, azurfa ne, su ne masu kukan da ya fi kowane daɗi. Haka babban kuɗin azurfar nan na Mariya Tareza mai ɗauke da shekarar 1780, wanda tsofaffinmu mata suke jerawa a ado. Idan irin waɗannan kake nema a tsohon wuri, a nan ne ƙara kunne yake da amfani, don sun daɗe sun nutse. Amma ka sani injin gama-gari ba ya jin kwabo ɗaya fiye da kamar taƙi guda, ko ya ɗan ɗara kaɗan.

Duk wanda ya ce maka yana da na'ura mai eriya da ke nuna gwal daga nisan kilomita, riƙe kuɗinka. A 2013 kotu a Landan ta ɗaure wani ɗan kasuwa, James McCormick, shekara 10 saboda sayar wa gwamnatoci irin wannan abin mai eriya da sunan na'urar gano bam, alhali babu abin da take ganowa. Gwamnati ma an yi mata, balle ni da kai. Jabun injuna masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni su ma sun cika kasuwa. Kafin ka biya, tafi da zobe da ƙusa da kwabo a aljihu, ka sa a gwada a gabanka a kan ƙasa.

Akwai abin da ya shafe ku fiye da mu. Bahaushe da sanda mai waya, da iyafis a kunne, yana zagaya fili yana tona, a garin da ba nasa ba, kun san irin kallon da za a yi masa. Ba mu manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano. Don Allah kar wanda ya fita da injin nan shi kaɗai, ko da daddare. Ka sanar da Sarkin Hausawa ko shugaban kasuwa, ka nemi izinin mai wurin, mai kayan da ya ɓata ya tsaya kusa da kai. Ku na yankin Gabas kuma, har yanzu ana tsintar bama-baman yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 a gonaki. Idan injin ya yi kuka mai faɗi, ka ga tsatsa mai siffar da ba ka gane ba, bar wurin ka kai rahoto.

Abin da ka tono wanda ba shi aka aike ka nema ba, tsintuwa ce, kuma malamai sun ce ana cigiyarta shekara guda. Idan dukiya ce binnanna ta mutanen da, wannan hukuncinta daban ne, akwai maganar humusi, sai a je wa malami. Ta ɓangaren hukuma kuma, tono a tsohon kufai don neman kayan tarihi sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, haƙar zinaren ƙasa kuma sai da lasisi a ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007.

Mu koma Pantami. Da na rage rariya zuwa ƙusa kaɗai, na sauke kunne zuwa rabi, ɗan kunnen Adda ya yi wani ɗan siririn kuka, lambarsa tana yawo daidai inda takardar magi take. Na sake bin tsakar gidan har magariba, ba komai sai shara. Washegari da asuba na kira yarinyar gefe na tambaye ta ina ta zubar da sharar ranar. Ta kai ni bayan gida, inda masu girkin biki suka juye toka. Kai, wurin nan takardar magi ce zalla. Na baza tarin da shebur a kan fili don ya yi faɗi, ina bi da injin, ita kuma tana tsugune tana ɗaukar duk abin da ya yi kuka tana jefawa a bokiti. Rana ta fara zafi sai na ga ta tsaya, ta riƙe wani abu baƙi ƙirin da toka, hannunta yana rawa. Ta kasa magana, sai ta miƙo min.

Ƙugiyar ce ta buɗe, shi ya sa ya zame a wajen rawa, tsintsiya ta kwashe shi. Adda ta rungume yarinyar tana kuka. Goggo ba ta ce komai ba a ranar, amma da ta dawo daga kasuwa ran Juma'a na ga ta miƙa mata turmin atamfa a leda. Maƙerin gwal ya gyara ƙugiyar, ya ce wa Adda ta kawo ɗayan ma, don shi ma ya fara sakin baki. Da na mayar da injin, mai shi ya duba inda na bar maɓallan ya ce, "Wa ya ɓata min saiti?"